Nikon F3 ko Canon F-1: kahin ka zuba kuɗinka, buɗe akwatin baba

Yau maganar sana'ar hoto muka kawo muku. Mun san wasu za su ce mi ya kai mu can, alhali ga tsadar hatsi, ga ɗaukewar wuta. Ku dai yi haƙuri ku bi mu, domin batun ya shafi duk wanda ya taɓa tara kuɗi da guminsa zai sayi kayan aiki na hannu, ko injin niƙa ne, ko keken ɗinki, ko babur.

Makon da ya wuce, muna saukowa daga shirin yamma, sai wani matashi ya tare mu bakin ƙofar gidan rediyo, salula a hannu, yana nuna mana hotuna biyu. Ɗan nan Maradi ne, mai ɗaukar hoton buki, aure da suna da walimar sauka. Kusan shekara biyu yana zubin adashe don ya mallaki kamara irin ta da, mai cin pelikil. Ɗan ƙanen babansa da ke zaune Faransa ya samo masa guda biyu a shagon kayan hannu, Nikon F3 da Canon New F-1. Kuɗinsu kusan ɗaya, shi kuwa na guda ɗaya ke gare shi. Ƙarshen wata ɗan uwan zai taso gida, dole kahin nan a ce masa wacce zai riƙo.

"Yaya, ni dai Canon raina ya kwanta da ita," in ji shi. "Da Canon nike aiki kullum, gilasaina duka za su hau kanta."

Ba mu ba shi amsa a tsaye ba. Washegari muka ɗauke shi zuwa wajen wani dattijo da ya yi sama da shekara talatin yana riƙe da studiyo, tun zamanin da ake wanke hoto cikin ɗaki mai duhu. Mun yi zaman kusan awa uku, shayi ya zagaya sau uku. Abin da muka tattaro a zaman, da wanda muka sani tun da, shi ne za mu shimfiɗa muku nan. Ra'ayinmu kuma tun yanzu za mu faɗe shi: shi wannan yaro, F3 ya kamata ya ɗauka. Amma dalilin ba shi ne F3 ta fi F-1 ba. Akwai wurin da F-1 ta bar ta a baya, kuma za mu nuna muku wurin.

Bari mu fara da gabatar da su ga wanda bai san su ba. Abin da ake ciniki a kai gangar jikin kamara ce kaɗai, wadda ƴan sana'a ke ce wa buwatiye, ba tare da gilashin gaba ba, wato objektif. Nikon F3 ta fito a 1980. Wani ɗan Italiya mai zanen motoci, Giorgetto Giugiaro, shi ya zana siffarta, shi ya sa mata jan layin nan da ya zama alamar Nikon. An yi ta ƙera ta har 2001, shekara ashirin da ɗaya ke nan, har bayan fitowar F4 da F5 da aka yi don su gaje ta. Canon New F-1 ta biyo baya a 1981, ita ce amsar Canon ga F3, kuma ta yi tashe a hannun masu hoton wasanni, musamman lokacin gasar Olamfik ta Los Anjeles a 1984. Dukansu na ƙarfe ne, dukansu an yi su don ƴan jarida masu shiga rana da ruwa da ƙura. Labulensu, wato abin da ke buɗewa ya rufe don haske ya taɓa pelikil, yana gudu daga daƙiƙa 8 har zuwa 1/2000 na daƙiƙa. F3 ta ɗan fi gram 700, F-1 ta kusa 800. A takarda dai kamar tagwaye.

To ina bambancin? Na farko, pil. Nan ne dattijon ya gyara zama, ya ce: "Ɗana, kamara kamar jaki ta. Ba ranar kasuwa aka sanin jakin ƙwarai ba, sai ranar da ruwa ya tare ku a hanya." Labulen F3 na lantarki ne, da ƙananan pil biyu yake aiki, LR44 ko SR44. In suka mutu, sauri ɗaya tak ya rage maka, wajen 1/60, ta wani ɗan maɓallin gaggawa da ke gaban kamarar. Ita kuwa F-1 rabi da rabi ce. Ƙananan gudun na lantarki ne, amma daga 1/90 har 1/2000 na ƙarfe ne zalla. In pil ɗin ya mutu, ka cire shi daga mazauninsa, kamara ta ci gaba da aiki. Ka lura da kyau, sai ka cire shi, in ka bar mataccen a ciki ba za ta motsa ba.

Wannan ba ƙaramin bambanci ba ne a ƙasa irin tamu. Ɗauki misali kana filin kokowa da azahar, ko kana hawan salla a Damagaram, ka sa pelikil mai lamba 400, sai pil ya ƙare. Akwai tsohuwar ƙa'ida ta masu hoto: in rana ta take, ka sa buɗin gilashi a 16, saurin labule kuma ya yi daidai da lambar pelikil. Mai F-1 sai ya sa 1/500 a kan 16, ya ci gaba da aikinsa ko babu ma'aunin haske. Mai F3 kuwa ya maƙale a 1/60. Haske ya yi masa yawa ko ya rufe gilashin har ƙarshe, ga doki na sukuwa, ga ƴan kokowa na juyi, hoto zai fito da jirwaye. A nan kam F-1 ta yi kaye, babu gardama.

Sai dai maganar pil ba ta ƙare nan ba. LR44 shi ne ɗan pil ɗin da ke cikin ƙananan na'urorin lissafi da kayan wasan yara. Je ka layin masu gyaran agogo a babbar kasuwar Maradi, ko kasuwar Dole, ko babbar kasuwar Yamai, da wuya ka dawo hannu banza. Biyu a aljihun riga ba su da nauyi, kuma F3 ba mai cin pil ba ce. In ka samu SR44 ma ya fi, ƙarfinsa ba ya raguwa da wuri. F-1 kuwa pil guda take ci mai volt 6, wanda ake kira 4LR44 ko PX28, shi kuma ba kowane tebur ke da shi ba. Akwai dabara: a jera LR44 huɗu, a naɗe su, a cike giɓin da ɗan ƙarfe tunda ba su kai tsawon na asali ba. Tana aiki, amma dabara ce. Sannan F3 tana da injin jan pelikil mai suna MD-4, mai cin pil takwas irin na ƴar rediyo. In ka ɗaura shi, kamarar kanta daga nan take shan wuta. Ya ƙara mata nauyi sosai, amma pil ɗin rediyo ko a ƙauye akwai shi. Saboda haka a batun pil, wanda ke yawan shiga daji kwana da kwanaki F-1 ta fi masa kwanciyar rai, wanda ke cikin gari kuwa matsalar ba ta kai yadda ake zuzuta ta ba.

Na biyu, kuma shi ne ya yanke hukuncin, gilashi. Nan ne yaronmu ya kusa faɗawa rami. Gilasan da yake aiki da su a kamararsa ta zamani, Canon ne ba shakka, amma bakinsu EF ne. F-1 kuwa bakinta FD ne. A 1987 kamfanin Canon ya fito da jerin EOS, ya sake baki gaba ɗaya, ya bar FD a baya. Sunan gida ɗaya, amma ƙofa daban. Gilashin EF ba ya hawa F-1, kuma ba shi ma da zoben da za ka juya ka buɗe ko ka rufe shi da hannu, lantarkin kamara ne ke yi masa. Ke nan da ya aika a sayo F-1, da ranar da ta iso zai tarar da ganga ba ido, sai ya sake shiga wani adashen don sayen gilashin FD. Su kuma gilasan FD masu kyau, da can sun yi araha, amma tunda masu ɗaukar bidiyo suka gano suna hawa kamarori marasa madubi da ƴar mahaɗa, farashinsu ya tashi.

Da dattijon ya gama yi masa wannan bayani, sai ya tambaye shi: "Akwatin mahaifinka, Allah ya jiƙan shi, yana nan?" Ashe sun yi zamani tare, mahaifin yaron ma mai hoto ne. Yaro ya ce akwatin na ƙarƙashin gadon inna, ba a buɗe shi ba tun rasuwa. Aka tura shi kan babur ya ɗauko. Cikin tsummoki da tsofaffin rasit, ga gilasai biyu na Nikon, ɗaya mai milimita 50, ɗaya mai 105. Gangar da suke hawa ta daɗe da mutuwa, amma su, ban da ƴar ƙura, lahiya lau. Dattijon ya ɗaga mai 105 ya duba ta hasken ƙofa, ya ce: "Wanga shi na anka yi ma uwayenku hoton aure da shi. Ka bar wanga a gida, ka tai neman wani a Turai?"

Abin da ya sa gilasan suka rayu bayan gangarsu shi ne Nikon ba ta sake baki ba. Bakin F da ta fito da shi a 1959, shi ta riƙe a kamarorinta masu madubi har zamanin na lantarki. Gilasan da aka yi daga 1977, masu alamar AI, kai tsaye suke hawa F3 su yi magana da ma'auninta. Na kahin 1977 ma F3 tana karɓarsu, akwai wani ɗan harshe a bakinta da ake ɗagawa. Amma a nan ma akwai tarko, kada mai Nikon ta zamani ya yi saurin murna. Sababbin gilasai masu harafin G ba su da zoben buɗi, in ka ɗora su kan F3 za su tsaya a rufe. Masu alamar DX kuma an yi su ne don ƙaramin fili, gefen hoton zai yi baƙi. Ke nan kowane gida da irin tarkonsa. Sunan da ke rubuce a goshin kamara ba ya gaya maka komi, sai ka duba baki.

Mu ma'aikatan rediyo mun san wannan ciwo. Akwai tsofaffin faya-fayan zare a ɗakunan ajiya, muryoyin makaɗa da malamai da sarakuna, amma injin da zai juya su ya mutu, ko ya yi saura guda ana lallaɓa shi. Abu shi kaɗai ba ya aiki, sai da danginsa. Wanda zai sayi kamara ta da, dangi yake saye: gilashi, pil, murfi, fitila, da mai gyara.

Na ukku, awon haske, kuma wannan ya shafe mu kai tsaye. Mu baƙaƙen fata ne, muna son farar shadda da farin rawani, ga ranarmu mai ƙarfi. Ma'aunin kamara in ya haɗa komi ya auna, farin tufa da hasken sama sai su ruɗe shi, ya rage haske, ango ya fito riga fes amma fuska ta nutse. Duk wanda ya buɗe tsohon albom ya ga irin wannan. F-1 tana da magani mai kyau: yadda take awo ya danganta da ɗan allon gilashin da ke cikinta. Akwai mai auna fili duka, akwai mai auna tsakiya wajen kashi 12 cikin ɗari, akwai mai auna ɗigo, wajen kashi 3. Da na ɗigo za ka auna kuncin mutum kaɗai. Amma kowane allo sayensa ake daban, kuma wanda ke cikin kamarar da aka samo maka, shi ke nan rabonka sai ka nemo wani. F3 awo ɗaya gare ta, sai dai kashi 80 na hankalinta yana kan ɗan da'irar tsakiya. In ka matsa kusa ka cika da'irar da fuska, ka danne maɓallin riƙe awo, ka ja baya ka ɗauka, ka samu kusan abin da kake so. Ko wacce ka riƙa, ƙa'idar ɗaya ce: auna fuska, kada ka auna riga. Pelikil na negatif yana jure yawan haske fiye da ƙarancinsa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ba a gani a hoton da aka turo ta WhatsApp. F3 da kanta take zaɓar saurin labule in ka sa ta a harafin A, kai dai ka zaɓi buɗi. F-1 kuwa, don ta yi wannan aiki yadda ya kamata sai da wani kan leƙe na musamman mai suna AE Finder FN, in kuma kana son ta zaɓar maka buɗi sai ka ɗaura mata injin jan pelikil. Saboda haka a tambayi mai shago wane kai ne a kanta. Tagar leƙen F3 tana nuna maka hoton duka, ɗari bisa ɗari, ta F-1 kashi 97. Mai sa tabarau ya nemi F3 mai alamar HP, wadda ta fito a 1982, domin ko idonka bai manne ba kana ganin kusurwa huɗu. A ɗaya gefen, F-1 allura take nuna maka, mai sauƙin karantawa, F3 kuwa ɗan allon lambobi ne ƙarami, wanda kan dushe in ya tsufa, kuma cikin duhu sai ka lalubi wani ɗan maɓalli kahin ka gan shi. Fitilar zamani ma ba ta hawa F3 kai tsaye, mazauninta daban ne, sai da mahaɗa. Kowacce da aibinta.

Na huɗu, lahiyar ita kanta kamarar da ke kan tebur. Ƴan uwa, muna maganar kayan da wasunsu suka haura shekara arba'in. Canon ta daina sayar da kamararta ta ƙarshe mai pelikil, EOS-1V, a 2018, Nikon ma ta rufe F6 a 2020. Babu sabuwa daga waɗannan gidaje biyu, kayan gyara kuma sai dai a ciro daga wata matacciya. Don haka F-1 mai lahiya ta fi F3 mai ciwo, ko akwatin baba cike yake da gilasai, domin wata F3 ɗin za a iya nema. Mun ce wa yaron kada ya yi cinikin biri a sama. Ya sa ɗan uwan nasa ya koma shagon, ya kira shi da bidiyo, su bi waɗannan ɗaya bayan ɗaya. A buɗe bayan kamara a dubi labule, kada a taɓa shi da yatsa, a ga ko ya lotsa ko ya yamutse. A harba a kowane sauri, a saurari na daƙiƙa ɗaya ko ya cika daƙiƙar. A buɗe mazaunin pil a ga ko akwai farin gari ko kore, alamar pil ya taɓa fashewa ciki. A shafa baƙin soson da ke gefen ƙofa da inda madubi ke bugawa, in ya zama kamar kwalta to sai an sake shi, in ba haka ba haske zai sata ya shiga. A gwada ma'aunin haske da na salula a ga ko sun yi kusa. A leƙa a ga lambobin F3 sun fito baƙi sosai. In mai shago ya yarda a mayar in ba ta yi ba, a karɓi takarda. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

Bayan ta iso kuma, ƙasarmu ba ta da tausayin inji. Hazon hunturu yana shiga inda ruwa ba ya shiga, zafin watan huɗu da na biyar yana narka soso ya busar da mai. Kada a sake gilashi a fili ranar iska, kada a bar kamara cikin mota ko akwatin babur, kada a cire kan leƙe don nuna wa abokai. In za a daɗe ba a yi aiki ba a cire pil. Kuma a nemi tsofaffin masu gyara tun suna raye a zauna kusa da su. Malick Sidibé na Bamako, wanda aka ba kyautar Zakin Zinariya a Venis a 2007, ba ɗaukar hoto kaɗai ya iya ba, shagonsa cike yake da kamarorin da yake gyarawa. A da, mai hoto shi ne likitan kayansa.

Na biyar, wanda masu ɗoki ke mantawa: wa zai wanke? Naɗi ɗaya hoto 36 ne, in ya ƙare sai wani, kuma yawancin ɗakunan wanki da muka sani sun rufe ko sun koma buga hoton salula. Pelikil da magungunan wanki daga waje ake riƙo su. Wanda ya zuba kuɗinsa duka a ganga, ya sayi abin ado ne na rataye. Shawararmu, ya fara da baƙi da fari, irin su Ilford HP5 ko Kodak Tri-X, domin ana wanke shi a gida: ƴar tukunyar wanki, jakar duhu, ma'aunin zafi, magani biyu. Wahalarsa guda, ruwan yana son digiri 20, mu kuwa ruwan pampo a bazara ya wuce 30, sai an haɗa da mai ƙanƙara. Abin dariya, mai launi wanda ake ce wa C-41 digiri 38 yake so, kusan zafin ɗakinmu ke nan, sai dai shi ba ya yafe kuskure kuma maganinsa ba ya daɗewa. Pelikil a ajiye shi a firigo cikin leda, a fito da shi ya huce kahin a buɗe. Mai riƙo shi daga waje kada ya sa shi a kayan da ke shiga cikin jirgi, ya riƙe a hannu, ya roƙi a duba da ido, domin sababbin injinan leƙen kaya suna ɓata shi. A nan ma akwatin baba ya yi rana: kuɗin da zai tafi a gilashi, sai ya koma pelikil da magani.

Mun san akwai mai cewa, duk wannan wahala ta mi? Salula na ɗaukar hoto dubu ba ko dala, mutane na neman na masara, shi yana neman kayan tarihi. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, kuma mun gaya wa yaron a gaban dattijon: kada ya saki kamararsa ta zamani, ita ce tukunyar tuwonsa. Amarya ba za ta jira mako biyu ba, daren nan take son ta sa a WhatsApp. Amma mu tambayi kanmu, hotunan sunan ɗanka na fari da ka ɗauka shekara takwas da suka wuce, suna ina? Salular ta faɗa ruwa, ko an sace, ko katin ya ƙi buɗewa. Negatif na baƙi da fari, wanda tsofaffi ke ce wa kilishe, ba na ci ba, in an wanke shi da kyau an ɓoye shi daga zafi da gara, jikanka zai ɗaga shi a rana ya ga fuskarka ba tare da wani inji ba. Da irinsa duniya ta san Seydou Keïta da Sidibé. Da irinsa muke ganin Yamai ta shekarun 1960 da 1970, ƴan rawa da sojoji da ƴan makaranta, a hotunan Philippe Koudjina, wanda ya rasu a 2014. In yaro ɗaya a Maradi ya ce zai ɗauki naɗi guda kowane wata, na masu jima da maƙera da ƴan kokowa da tsofaffin unguwa, ya adana, mu ba mu ga asara a nan ba. Da tsohuwar zuma ake magani.

Kada kuma suna ya ruɗe mu. Hoton yarinyar nan ƴar Afganistan mai korayen idanu, wanda ya fito a bangon mujallar National Geographic a 1985, Steve McCurry bai ɗauke shi da F3 ba, bai ɗauke shi da F-1 ba. Da Nikon FM2 ya ɗauka, ƙanwar F3 wadda ba ta kai ta kuɗi ba, da gilashi mai milimita 105, tsawo ɗaya da wanda ya kwana shekaru ƙarƙashin gadon inna. Ganga akwati ce mai riƙe duhu. Gilashi da idon mai ɗauka su ke yin hoto.

To ga inda muka tsaya. In kana da gilasan Nikon masu zobe, na gado ko na aro, kuma aikinka cikin gari ne, ɗauki F3, ka zuba pil huɗu a aljihu. In ba ka da komi, daga tushe za ka fara, kuma kai mai bin makiyaya ne ko mai zuwa Ingal lokacin taron gishiri, inda za ka yi kwanaki ba shago, to F-1 da gilashin FD mai 50 abokiyar tahiya ce ta ƙwarai, muddin an haɗa maka su tare a ciniki ɗaya. In ɗaya ta fi ɗaya lahiya nesa, bi lahiya ka bar suna. In kuma bayan sayen ba za ka iya sayen naɗi biyar da maganin wanki ba, ka dakata, adashe bai ƙare ba.

Yaronmu ya aika a riƙo masa F3, bayan ɗan uwan ya koma shago sun bi gwajin nan ta bidiyo, an tarar soson ƙofa ne kaɗai ke son sauyi. Dattijon ya ce shi zai sake masa da hannunsa, kuma naɗin farko a ɗakinsa za a wanke, in ji shi tukunyar wankin tana nan, ƙura ce kawai ta rufe ta. Sharaɗi ɗaya ya gindaya: hoton farko na inna ne, da gilashin mijinta.

Ku kuma ƴan uwa, musamman ƴaƴan tsofaffin masu studiyo na Maradi da Damagaram da Tawa da Konni da Tasawa, ku leƙa ƙarƙashin gado da saman kwaba kahin a zubar ko a sayar wa ƴan gwangwan. In kun tarar da gilashi ko negatif, kada ku wanke da ruwa, kada ku goge da bakin riga, ku kai wa wanda ya sani. Wanda kuma ya yi aiki da F-1 yana ganin mun tauye ta, ƙofa buɗe take, ya zo mu ba shi makirfo ya kare ta. Allah ya sa albarka a sana'ar kowa, ya jiƙan magabatanmu. Sai mun ji daga gare ku.